Karatun da Aka Auna da Buhun Siminti

Idan aka tambaye ni nawa karatuna na waje ya ci, amsar da nake bayarwa ita ce buhun siminti dubu ɗaya da ɗari biyar. Sai mai tambaya ya fashe da dariya, yana zaton barkwancin injiniyoyi ne. Nakan bar shi ya gama dariyarsa, sannan mu shiga wata maganar.

Sunana Nazifi. Mahaifina tela ne a Gangare, cikin Jos. Gidan da aka haife ni kakana ne ya gina shi da kuɗin haƙar kuza, ɗaki shida da zaure da rijiya a tsakar gida. Baba yana da amini guda, wani Ibo mai sayar da siminti da rodi a Gada Biyu, wanda kowa ke kira Papa Obi. Shekara talatin Baba na ɗinka wa iyalinsa kayan Kirsimeti, har a shekarun rikici da mutumin Gangare ba ya taka Kabong, unguwar su Papa Obi, sai ya bar wasiyya. Ɗansa Obi sa'ana ne, benci ɗaya muka zauna a sakandare. Ya fi ni lissafi, na fi shi baki.

Da na samu gurbin karatun injiniyan gine-gine a Cyprus ta Arewa, Baba ba shi da kuɗin, kuma ko za a yanka shi ba zai ci bashin banki ba saboda kuɗin ruwa. Shi kuma Papa Obi ya rantse ba ya ba da rancen naira, don a cewarsa kafin a biya shi ta narke. Sai dattawan nan biyu suka zauna a kan benci a ƙofar shago suka ƙirƙiro tasu dabarar. Papa Obi zai ba da kuɗin buhu ɗari shida bisa farashin ranar, Baba kuma zai biya kuɗin buhu ɗari shida bisa farashin duk ranar da ya samu. Aron buhu, biyan buhu, babu riba, babu wanda aka cuta. Baba ya dawo gida yana ta fara'a, washegari kuma ya ɗauki takardun gidanmu ya kai wa amininsa jingina ba tare da an tambaye shi ba. A makon ne aka tsayar da Obi a shago yana ƙirga buhu. Wallahi har tausayinsa na ji, na dafa kafaɗarsa na ce idan na dawo a wajensa zan riƙa sayen kaya.

Abu na farko da na gano bayan na sauka shi ne ban zo Turai ba. Ejan ɗin da ya yi mini hanya, wani mai ƙamshin turare da ofis a Abuja, ya nuna mini taswira da bakin biro ya ce daga nan taku kaɗan ne ka shiga Turai. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ce akwai waya da sojoji a tsakiyar tsibirin ba, kuma fasfo irin nawa bai isa ya tsallake ba. Ɓangaren Turkawa muke. Rangwamen rabin kuɗin makaranta da na cika Gangare da labarinsa, ashe duk wanda ya shigo da ƙafafunsa ana ba shi. Da na je ofishin kuɗi da takarduna, matar da ke wurin ta duba kwamfuta ta ce zango ɗaya aka biya mini, ba shekara ba. Na fita waje na kira ejan, lambar ba ta shiga. Har yau ba ta shiga, kuma har yau ina gwadawa idan raina ya ɓaci. Ban cika wata uku a ƙasar ba Baba ya koma Gada Biyu ya ƙaro buhu ɗari uku.

Mu biyar muke kwana a ɗaki ɗaya, ni kaɗai ne Bahaushe. Kuɗin makaranta da yuro ake biya, hayar ɗaki da fam ɗin Ingila, burodi da lira, abin da ake turo mini kuma naira ce, kuma duk cikinsu ita ce marainiya. Kowace shekara sai makaranta ta liƙa takarda mai ladabi tana ba mu haƙuri, tana cewa saboda halin da ake ciki an ɗan ƙara. Wannan "ɗan" nasu, idan na juya shi zuwa naira, ya kai abin da Baba ke samu a ɗinkin sallah biyu. Ga zafi. Ni ɗan Jos, wanda ya saba sa rigar sanyi a watan Agusta, sai ga ni a watan Agusta ina jiƙa tawul ina ɗorawa a ka. Na yi kewar ruwan samanmu mai zuwa da ƙanƙara ya kori kowa daga titi. Na yi kewar gwaten Umma da masar bakin lungunmu, har wata rana na dafa kuskus na zuba masa alayyafo ina yaudarar kaina. Abokan ɗakina suka ɗanɗana suka ce mutanen Jos na cikin wahala.

A shekara ta biyu na gane cewa idan ban nemi aiki ba, za a kore ni daga ɗakin kafin a kore ni daga makarantar. Aikin da baƙar fata ke samu bai wuce wankin kwanuka da gini ba, ni kuma Allah da ikonsa sai ya haɗa ni da siminti. Da safe ina aji ana koya mini yadda ake lissafin ƙarfin dekin, da rana ina ɗauke da buhu a kafaɗa ina hawa bene na huɗu. Ɗan kwangilar bai taɓa tambayar sunana ba, suna ɗaya yake kiran mu da shi mu duka. Watan farko ya biya, na biyu ya ba da rabi, na uku da na huɗu ya ce sai an sayar da gidajen. Da muka taru muka same shi, ya zaro waya ya tambaya cikin murmushi ko a cikinmu akwai mai takardar izinin aiki, don yana so ya kira 'yan sanda su raba mu. Muka watse kowa na duban ƙasa. Na koma wajen wani ɗan kwangilar, wanda shi aƙalla idan zai cuce ka yakan faɗa maka tun farko.

Ba zan ce ban ga alheri ba, don Allah na gani. Kusa da ginin akwai wata tsohuwa Baturkiya mai bishiyar lemon tsami a ƙofar gida. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarenta, amma kullum da azahar sai ta fito da ruwan sanyi a buta ta ajiye mana a kan katanga. Wata rana ta ga ina ɗingishi, siminti ya cinye mini tafin ƙafa saboda takalmina ya huje. Ta shiga gida ta fito da wasu manyan takalma masu kauri, ta nuna hoton wani dattijo a bango, ta nuna sama, na gane na mijinta ne da ya rasu. Sun yi mini yawa, na cusa takarda a gaba, kuma da su na yi aiki har na bar ƙasar. Akwai kuma wani magini ɗan Pakistan da ke raba gurasarsa biyu ya ba ni rabi, ya kuma koya mini ɗaurin rodi fiye da yadda malamanmu suka koya mini a aji.

Amma ba yunwa ko zafi ne suka fi cin raina a tsibirin nan ba. Obi ne.

Da farko hotunan da yake sawa a sitatus dariya suke ba ni. Ga shi nan zaune a kan buhuna da silifas, gashinsa fari fat da ƙurar siminti. Nakan nuna wa abokan ɗakina in ce ku ga wanda ya fi kowa lissafi a ajinmu. To, a shekarata ta uku ubansa ya sallame shi kamar yadda Ibo suke yi, ya buɗe masa shagonsa na kansa. Daga nan kullum da safe sai ya rubuta farashin siminti na ranar don abokan cinikinsa su gani, ya ƙara da 'yar addu'a. Shi talla yake yi. Ni kuwa wannan lambar ita ce abu na farko da nake dubawa bayan sallar asuba, in ɗauki biro in ninka ta da yawan buhunan da ake bin mu. Ina kallo farashin ya ninka, ya sake ninkawa. Baba ya guje wa gara ya faɗa gidan zago, don da a banki ya ci bashin, ban jin kuɗin ruwansu zai kai rabin abin da siminti ya yi mana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tashin farashin nan da ke tsotse mu shi ke ƙara masa ƙiba. Duk buhun da ya kwana a shagonsa sai ya wayi gari da daraja. Na ga babur, bayan wata shida na ga ƙaramar motar ɗaukar kaya da sunansa a jiki. Na ga bikin aurensa, na ƙirga rumfuna bakwai, na faɗaɗa hoton ina duba takalmin amarya kamar wanda aka ba aikin bincike. Na ga harsashin gidan da ya fara a Kabong, na ma gano kuskure a yadda aka ɗaura ginshiƙin gaba, na ji daɗi na kwana biyu. Hassada ce, ba zan sa mata wani suna ba. Na san ana cewa ga mai rabo taki ce, kuma ni shaida ne, don na zuba wa Obi takin da ya isa gonar dankali guda.

Ni ma ban zauna haka ba. Ranar Lahadi nakan ari rigar wani abokin ɗakina in tafi bakin teku inda masu kuɗi ke ɗaure jiragen ruwansu, in jingina da ɗaya a ɗauke ni hoto. Obi ne ke fara yin magana a ƙarƙashi. "Injiniya! Kar ka manta da mu fa." Shi da zuciya ɗaya yake rubutawa, yanzu na sani. A lokacin kuwa ji nake gatse yake yi mini, sai in kwana ina tsara amsar da zan ba shi ranar da na dawo da hular digiri. Da ya kira ni ranar da matarsa ta haihu, na ce masa ina ɗakin gwaji, alhali ina zaune a kan bulo ina cin busasshen burodi.

Baba bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Idan mun yi waya tambayarsa biyu ce, ko ina cin abinci, ko ina sallah a kan lokaci. Daga bakin Umma nake tsintar sauran. Bayan kowane bikin sallah yakan tattara abin da ya samu a ɗinki ya kai Gada Biyu. Kuɗin da a da ke rage buhu goma ya koma yana rage huɗu, amma zai dawo gida ya ce alhamdu lillahi an rage huɗu. Ya sayar da keken ɗinkinsa na zamani ya koma kan tsohon na ƙafa. Duk da haka sau biyu yana komawa ya ƙaro buhu, saboda sau biyu makaranta na rufe mini rajista ana saura kwanaki jarrabawa. Zango biyu cur na zauna ban shiga aji ba, takardar izinin zamana ta mutu, ina ganin motar 'yan sanda sai in shige shagon da ya fi kusa in yi ta duba abin da ba zan saya ba. 'Ya'yan manya da muka shigo tare, masu zuwa aji da mota su yi barci, suka gama suka tafi. Karatun shekara huɗu ya zama na shida.

Ina zangon ƙarshe Papa Obi ya rasu. A sitatus na gani. Na yi kuka na gaske, don mutumin nan tun ina yaro idan na je shagonsa sai ya saya mini biskit ya tambaye ni na nawa na zo a aji. Amma ba zan ɓoye ba, kafin hawayen su bushe wani tunani ya shigo mini: yanzu takardun gidanmu suna hannun Obi. Yaron da na dafa wa kafaɗa ina tausayi, yau shi ke bin ubana bashi. Na rubuta masa ta'aziyya layi biyu, irin wadda ake yi wa wanda ba a sani ba sosai.

Bayan sati biyu saƙonnin murya suka fara shigowa daga wajensa. Na ga na farko minti biyu ne da wani abu, na ce to, an fara. Me zai faɗa in ba maganar kuɗi ba? Na riga na ji muryarsa a kaina, yana cewa ka san kasuwa, ka san halin da ake ciki. Ban buɗe ba. Ya kira, na bar wayar tana ruri a aljihu har ta gaji. Ya sake turo wani, ya sake kira, wata rana har sau biyar. Na toshe sautinsa, na daina duba sitatus ɗinsa ma, karo na farko a shekara uku. Na ce wa kaina sai takardata ta zo hannu, sannan zan yi magana da shi a matsayin injiniya da ɗan kasuwa, ba a matsayin mai bashi da wanda ake bi ba. Na kira Baba na tambaye shi ko lafiya, ko akwai wani abu. Ya ce lafiya lau, in mai da hankali a kan jarrabawata.

Na gama. Makaranta ta ce ba za ta saki takardata ba sai na biya ragowar kuɗinta da tarar jinkiri, hukumar shige da fice ma tana da tata tarar. Na faɗa wa Baba ina jin kunya, ga mamakina cikin kwana uku kuɗin suka shigo, har da na jirgi. Ban tambayi daga ina ba. Na ɗauka buhu aka ƙaro, na ma ji haushin cewa daga hannun Obi suka fito. Na je na yi wa tsohuwar nan sallama, na mayar mata da takalman mijinta a wanke. Ta ƙi karɓa, ta cika mini leda da lemon tsami, wanda aka ƙwace a filin jirgi.

Da la'asar na shigo Jos, ana yayyafi. Mai keke ya sauke ni a bakin lungunmu na ja akwatina ina gaisawa da mutane, kowa na cewa injiniya ya dawo, amma na lura ba wanda ya riƙe hannuna ya daɗe. Da na isa ƙofar gida na tarar an yi wa zaurenmu shuɗin fenti an sa ƙofar ƙarfe. Na yi murmushi, na ce lallai Baba ya yi mini shiri. Na tura ƙofa da sallama, sai wata mata da ban taɓa gani ba ta ɗago daga wanki ta tambaye ni wa nake nema. Ƙanwata ce ta leƙo daga lungun gefe ta yafito ni. A can aka fasa bango aka yi wata 'yar ƙofa, sai ka sunkuya za ka shiga.

Katangar bulo ce ta raba tsakar gidanmu biyu, ko filasta ba a yi mata ba. Zaure da ɗaki uku da rijiya sun tafi wancan ɓangaren, har da ɗakina. A gefen murhu na ga jarkoki a jere, na gane yanzu a wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa. Umma ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta ce an sayar wa wani dillalin albasa watanni uku da suka wuce, an biya buhu dubu da ɗari biyun da suka rage, canjin kuma shi aka turo mini. Baba ya fito daga ɗaki ya rame, ya karɓi takardata da hannu biyu ya daɗe yana dubawa, ya ce yanzu ba mai bin mu ko buhu ɗaya. Na ci gwaten da na yi shekara shida ina mafarki, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Washegari da hantsi na nufi Gada Biyu zuciyata na tafasa. Shagon ya zama uku a jere, tirela na sauke kaya. Obi na tsaye da makullai a hannu, ya yi ƙiba, yana hango ni ya buɗe hannuwa zai rungume ni. Na ja da baya. A gaban abokan cinikinsa na ce masa ya ji daɗi, ubansa bai yi sanyi a kabari ba ya cinye gidan amininsa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya kama hannuna ya ja ni cikin ofishinsa ya rufe ƙofa.

"Kawo wayarka," in ji shi. "Buɗe saƙona. Na farko."

Saƙonni goma sha ɗaya ne a jere, ba wanda aka taɓa. Na danna na farko, muryarsa ta cika ɗakin, a dishe, irin ta wanda ya sha kuka.

"Nazifi, abeg ka ji ni da kyau. 'Yan'uwan Papa sun ce Disamba za a raba komai a ƙauye, duk wanda ake bi bashi sai ya biya kafin nan. Na ce musu su sa na Baba a cikin rabona. Na je wajen Baba na ce zan tsayar da shi a kuɗin da Papa ya ba shi tun farko, in mayar mishi da takardan gida. Ya ƙi. Ya ce shi da Papa suka yi magana, buhu ne buhu, ba zai karɓi sadaka a hannun yaron da aka haifa a gabanshi ba. Amma ya ce idan kai da bakinka ka ce ka ɗauki bashin a kanka, wannan tsakanina da kai ne, ba ruwanshi. Ka biya ni ko shekara ashirin ne, ban damu ba. Kalma ɗaya kawai, mutumina. Ka kira shi ka ce ka yarda."

Sauran duk maganar ɗaya ce, sai dai suna ƙara gajarta. A na bakwai ya ce Baba ya hana kowa a gida ya faɗa mini, wai shi ba zai ɗora wa ɗansa kaya da hannunsa yana tsakiyar jarrabawa ba. A na tara ya ce ko rubutu ne in yi, ko harafi ɗaya, zai kai wa Baba ya nuna masa. Na ƙarshe daƙiƙa huɗu ne. Ya ce an zo da mai saye yau.

Obi ya zauna a bakin tebur yana kallon ƙasa. Ya ce ranar da Baba ya kawo kuɗin a jakar leda, shi ya fita ya bar shagon, sai da dattijon ya bi shi har gida ya ajiye masa a gaban matarsa. Ya ce ko simintin da aka yi katangar, buhu goma sha biyu, ya so ya bayar kyauta, Baba ya ƙirga kuɗi ya biya bisa farashin ranar. Bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba, da ya yi da na samu sauƙi. Ya tambaye ni kawai me ya yi mini. Ai ba a ce wa mutum laifinka shi ne ka samu. Kuma Allah ya yafe mini, ko a wannan lokacin idona na kan agogon hannunsa ina ƙiyasta kuɗinsa.

Da ƙafa na koma Gangare. Na tarar da Baba a ɗakin da ya zama shagonsa kuma ɗakin kwanansa, yana kan tsohon kekensa yana haɗa wuyan wata riga. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda nake yi ina yaro. Na ce masa Obi ya turo mini saƙo tun kafin a sayar da gidan, ya kira ni ya fi a ƙirga, ni ne na ƙi ɗauka. Na ce ba jarrabawa ce ta hana ni ba, baƙin ciki nake yi da shi, shi ya sa.

Baba bai daina taka keken ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya yanke zaren da haƙori.

"Na sani," ya ce. "Sau uku yana zuwa nan yana cewa ba ka ɗauka. Ni na ce masa ya yi maka uzuri, karatu ne ya sha kanka."

Ya zare allurar hannu daga jikin hularsa ya miƙo mini tare da zare, ya ce in sa masa, idonsa ba ya gani sosai yanzu. Na karɓa na juya wajen hasken ƙofa, na daɗe ina neman kafar allurar.